Waken hummus ya raba mana tukunya, kuɗin cefane kuma bai ƙaru ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Kaduna, 'ya'yanmu huɗu, babbar shekararta 12, autan bai cika 3 ba. Mahaifiyar maigidana tana zaune tare da mu. Watannin baya aka gano yana da ciwon suga, ga hawan jini ya fara leƙowa. Likita ya ce ya rage farar shinkafa da burodi, ya yawaita ganye da wake da dangoginsa. To shi kuma tun yana makarantar kwana ya tsani wake. Ana cikin haka ƙanwarsa ta dawo daga Umara, ta kawo mana tsarabar waken nan na Larabawa da ake markaɗawa a yi abin dangwalen da suke kira hummus da shi, wanda ake rubuta chickpeas a jikin ledarsa. Na dafa masa ya ci ya ji daɗi, yanzu kullum shi yake tambaya. Da tsarabar ta ƙare na koma saye a kanti, ga tsada, ga shan gas, kuɗin cefane kuwa yana nan yadda yake tun bara. Tukunya biyu nake ɗorawa, tasa daban ta gida daban, don yara sun ce ba sa ci. Hajiya ta ce almubazzaranci ne da son gayu, wai na rage naman miyar jikokinta ina sayen abincin 'yan boko, har a gaban baƙi ta faɗa. Gaskiya na rage naman, amma don lafiyar ɗanta na yi. Na kasa gaya masa kuɗin ba sa isa, saboda ina ganin yadda ciwon nan ya karya masa gwiwa. Anti, in daina ne, ko da yadda zan yi?

Uwar yara huɗu, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya saka miki da alheri. Macen da ke ɗora tukunya biyu da kuɗin tukunya ɗaya, sannan a kira ta almubazzara a gaban baƙi, dole abin ya yi mata ciwo, ba sai kin nemi izinin kowa kafin ki ji haushi ba. Zan fara da waken tunda shi kika tambaya, amma zan dawo kan maganar da kika ajiye can ƙarshe, cewa kin kasa gaya masa kuɗin ba sa isa, domin nauyin wasiƙarki a wurin yake.

Waken hummus abinci ne mai kyau, babu ja a kan wannan. Dubban shekaru ke nan ana nomansa, tun daga yankin kudu maso gabashin Turkiyya da ƙasar Sham. A yau Indiya ce ke noma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake samu a duniya, Ostareliya na cikin manyan masu fitar da shi, a Afirka kuma Habasha ce kan gaba. Mu a nan ba ma noma shi yadda zai cika kasuwa, don haka wanda kike ɗaukowa a kanti teku ya tsallako, da dala aka biya kuɗinsa. Kin kuma san abin da ya samu duk wani kayan waje tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuɗin cefanen da bai motsa ba a irin wannan yanayi, ko ba ki taɓa sayen waken Larabawa ba, da wuya ya kai ki ƙarshen wata.

Yanzu ga lissafin da nake so ki riƙe. A cikin giram 100 na dafaffen waken hummus akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 9, da faiba, wato harzar abinci da ciki ba ya narkarwa, wajen giram 7 zuwa 8, da sitaci kusan giram 27. A cikin giram 100 na dafaffen wakenmu na gida akwai furotin kusan giram 8, faiba giram 6 da ɗoriya, sitaci wajen giram 21. Dafaffiyar farar shinkafa kuwa sitacinta giram 28 ne, furotin bai kai giram 3 ba, faiba ko rabin giram babu. Kin ga tazarar da ke tsakanin waken nan biyu ba ta taka kara ta karya ba, babbar tazarar tana tsakanin su biyun da shinkafa. Kin kuma ga sitacin waken hummus ya kusa kamo na shinkafa. Abin da ya sa ba ya harba suga da sauri shi ne faiba da furotin ɗin da ke tare da shi, su ke sa ciki ya narkar da shi sannu a hankali. Saboda haka shi ma ba a cika kwano da shi a ce ai magani ne. Likita cewa ya yi wake da dangoginsa, Nijeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wakenmu, Nijar na biye da ita. Ta fuskar lissafi dai, Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba, ko da yake yadda ta faɗa da inda ta faɗa ba su dace ba.

Sai dai maigida ba lissafi yake ci ba, abinci yake ci, kuma ya ce ba ya son wake. Ina so ki ɗan bincika wane waken ne ba ya so. Yawancin waɗanda suka yi makarantar kwana, abin da suka tsana shi ne waken da aka dafa ya dame, ruwa tsululu, ƙwari na yawo a sama, ga wani wari. Yana cin ƙosai? Yana cin alale? In yana ci, to ba da waken yake faɗa ba, da wancan kwanon na makaranta yake faɗa. Abin da nake zaton ya burge shi a waken hummus shi ne yana nuna amma ba ya damewa, ƙwayarsa na nan ɗai-ɗai, ga garɗi mai kama da na gyaɗa. Muna kuwa da abin da ya yi kusa da haka ƙwarai a gonakinmu, wato gurjiya, wadda wasu ke kira kwaruru. Furotin ɗinta a bushe ya kusa kashi 20 cikin 100, daidai da na waken hummus, garɗinta kuma kin san shi. Da garinta ake yin okpa ɗin da Ibo ke sayarwa da safe, da ita kuma iyayenmu ke yin tubani. Aibinta ɗaya, busasshiyar tana da taurin kai, takan fi waken hummus daɗewa a wuta, sai an jiƙa ta kwana guda cur. Ɗanyarta ta ƙarshen damina kuwa nan da nan take nuna.

Ba na ce ki daina sayen na Larabawan ba. Mutumin da aka miƙa wa jerin abubuwan da zai bari, shayi mai suga, lemon kwalba, burodin safe, malmalar tuwo uku, sai ga abu guda a cikin sabon tsarin da yake ci da marmari, ba ƙaramar sa'a ba ce, bai kamata a ƙwace masa ba. Shawarata ita ce waken hummus ya zama baƙon da ke zuwa sau biyu a mako, wake da gurjiya da awara su riƙe gidan sauran kwanakin.

In za ki saya, ki sayi busasshe. Na gwangwani mai giram 400, in kika tsiyaye ruwan abin da zai rage bai wuce giram 240 ba, kin biya kuɗin ruwa da na gwangwani ke nan, ga gishirin da aka zuba masa wanda mai hawan jini ba ya bukata. In ta kama dole sai shi, ki juye a gwagwa ki ɗauraye sosai. Busasshen kuwa gwangwanin madara ɗaya in ya jiƙu ya dahu yakan ba ki biyu da rabi, wani lokaci har uku. Iri biyu ne. Akwai manya farare da ake kira kabuli, su aka fi gani a kanti, akwai kuma ƙanana masu duhun fata da ake kira desi, waɗanda suka fi faiba kuma galibi sun fi sauƙin kuɗi. In kin samu kantin da ke ajiye kayan Indiyawa, ki tambayi ɓararren da suke kira chana dal, shi wannan an cire masa fata an raba shi biyu, ya fi saurin nuna nesa ba kusa ba. Ki duba kwanan watan da ke jikin leda, domin wanda ya tsufa a kanta ko kwana zai yi a wuta ba zai yi laushi yadda ake so ba.

Maganar gas, a jiƙo ake cin ribarta. Ki jiƙa shi awa 8 zuwa 12 a ruwa mai yawa, ya ninka shi sau uku, don yana kumbura. A zafin Maris da Afrilu ruwan kan yi tsami, sai ki jiƙa bayan isha'i ki ɗora da sassafe, ko ki sauya ruwan sau ɗaya. Ki zubar da ruwan jiƙon ki sa sabo, wannan na rage kumburin ciki. A tukunyar gida zai ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tukunyar firesha kuwa, wato mai kulle tururi a ciki, kamar minti 20 zuwa 25. In ba ki da firesha, kada ki ƙona masa gas. Ki ɗora shi a sauran gawayin da kika sauke tuwo, ko ki bar shi ya tafasa sosai na minti 20, ki sauke da murfinsa a rufe, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki cusa a kwando, ki je ki yi harkarki. Bayan awa 3 ko 4 za ki same shi ya yi laushi ko ya kusa, sai ki mayar wuta ya sake tafasa na ɗan lokaci. Wannan dabarar tana yi wa gurjiya ma aiki. Tumatir da tsamiya da lemon tsami kada su shiga sai ya gama laushi, domin tsami na ƙara masa tauri. Kanwa tana saurin nunar da shi, gaskiya ne, amma tana ɗauke da sinadarin sodiyam irin wanda ke cikin gishiri, tana kuma lalata wani ɓangare na bitamin B. In za ki sa, ki sa 'yar mitsitsiya a ruwan jiƙo, ki wanke kafin ki ɗora. Dafaffe yana kwana 3 zuwa 4 a firij mai sanyi. Ke kika san yadda wutar unguwarku take, in ba ta tsayawa kada ki dafa fiye da na kwana biyu.

Abin da zai fi sauƙaƙa miki rayuwa shi ne ki koma tukunya ɗaya. Abincin mai ciwon suga ba wani abinci ne na daban ba, abincin gida ne da aka sauya wa rabo. A farantinsa rabi ya zama ganye da kayan lambu, kwata ya zama wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwatan da ya rage ya zama tuwo ko shinkafa ko acca. Na ambaci acca da gangan, don mutanenmu sun ɗauke ta maganin suga. Tana da kyau, ga ta kusa da mu daga kudancin jihar nan, amma ita ma sitaci ce, da ma'auni ake cinta. Yara da Hajiya su ci daga tukunyar nan, nasu tuwon ya fi yawa, shi ke nan. Gishiri ma a rage wa kowa da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Daddawa da citta da tafarnuwa da garin busasshen kifi za su cike miki gurbin.

Ga yadda gwangwani ɗaya zai wadaci gida mai mutum bakwai. Ranar da kika yi jar miya, ki zuba dafaffen waken a ciki ya sha miyar na minti 10, ki murƙushe ludayi ɗaya da bayan cokali don ta yi kauri. Da haka nama kaɗan zai yi auki ba tare da miyar ta zama fayau ba. Ranar fate, ki haɗa shi da kabewa da alayyahu ko yakuwa da ɗan tsaki kaɗan. A kwaɗon zogale ko na rama kuwa, ki watsa shi a kai tare da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, wannan kwano ne da maigida zai ci ya ƙoshi da daddare ba tare da fargaba ba, ni a wurina ma ya fi hummus ɗin daɗi. Garau-garau sai ki juya shi, wake ya fi shinkafa yawa. Daga nan ki fara haɗa waken biyu, kashi biyu na Larabawa kashi ɗaya na gida, bayan mako biyu ki kai su rabi da rabi. Kowanne a dafa shi daban tunda ba lokaci ɗaya suke nuna ba, kuma ki sauke na gidan tun ƙwayarsa na tsaye. Kada ki yi masa wannan a ɓoye. Ki ce, "Yau na haɗa da namu, ɗanɗana ka gaya min." Namijin da ya gano ana yi masa dabara a kwano yakan daina yarda da kwanon gaba ɗaya.

Shi hummus ɗin kansa ba ya bukatar komai daga kanti. Abin da Larabawa ke zubawa a ciki da suke kira tahina, riɗi ne kawai aka soya sama-sama aka niƙa har ya fitar da mai, riɗi kuwa ga shi nan daga Jigawa da Nasarawa da Binuwai. Dafaffen wake gwangwani biyu, niƙaƙƙen riɗi cokali uku, ruwan lemon tsami ɗaya ko biyu, tafarnuwa ƙwaya ɗaya, ɗan gishiri, sai ruwan sanyi kaɗan-kaɗan kina markaɗawa har ya yi santsi. Man zaitun ba dole ba ne, cokali ɗaya na man gyaɗa mai kyau ya isa. Ki gwada yin sa da surfaffen farin wake ko da gurjiya, za ki yi mamakin yadda riɗi da lemon tsami ke rufe bambancin. Maigida ya dangwala da karas da kokwamba, yara su ci da gurasa.

Su yaran, ba na jin waken suka ƙi. Sun ga abu ne da ake dafa wa Abba tun da ya fara rashin lafiya, suka sa shi a layin magani. Ki fito musu ta hanyar suya. Falafel da ake sayarwa a Makka da Madina ɗan uwan ƙosai ne: jiƙaƙƙen wake ne ba dafaffe ba, a tsane shi sosai, a niƙa da albasa da tafarnuwa da lawashi da ɗan attaruhu ba tare da ruwa ba, ya fito da ɗan gari-gari, a mulmula a soya. Ba a buga shi kamar ƙullun ƙosai. In kika yi da dafaffe zai watse a mai, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Misirawa ma da wani waken daban suke yin nasu, don haka ba laifi ba ne ki haɗa da na gida. Na maigida ki gasa a tanda ko kasko da ɗan mai kaɗan. Haka kuma za ki iya tsane dafaffen ya bushe, ki shafa masa ɗan mai da yaji ki gasa har ya yi ƙaras-ƙaras, su tafi da shi makaranta. Ki sa babbar ta taya ki mulmulawa, yaro ba ya cika ƙin abin da hannunsa ya taɓa. Auta dai kada a ba shi ƙwaya, gasasshe ko dafaffe, don yana iya sarƙe shi, a murƙushe masa a cikin fate.

Akwai wurin da zan goyi bayan Hajiya kai tsaye. Wake kowane iri ne ba shi da bitamin B12, sai a nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, sinadarin ƙarfen da ke cikin wake kuma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Yara masu tasowa, musamman budurwar da ke gab da fara al'ada, suna bukatarsu. Don haka kuɗin da za ki tsira da su in kin rage sayen na kanti, ki mayar da su kan ƙwai, busasshen kifi, kindirmo, da 'yar hanta ko sau ɗaya a mako. Ranar wake ki haɗa da ɗanyen tumatir ko lemo ko gwaba, bitamin C na taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Shayi kuma a ba shi tazarar awa guda da abinci, don yana hana ɗaukar.

To, mu dawo kan maigida. Na fahimci tausayin da ya rufe miki baki, amma ki duba inda shirun ya kai ku. Shi yana can yana zaton komai lafiya, mahaifiyarsa na ganin nama ya ragu ba ta san dalili ba, ke kuma kina tsakiya kina shan zargi. Da ya san naman 'ya'yansa ake ragewa don a saya masa waken kanti, ina kyautata zaton shi zai fara cewa a'a. Ciwon suga ba mura ba ce da za a lallaɓa mako biyu ta wuce, zama za a yi da shi, tsarin da aka gina a kan ɓoye-ɓoye kuwa ba zai kai shekara ba. Ki rubuta cefanen mako guda a takarda, abin da ya bayar da abin da ya fita, har da gas. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban Hajiya ba, ba kuma ranar da gwajin sugansa ya hau ba. Ki fara da abin da ke gaskiya kuma mai daɗin ji, cewa kin ji daɗi da ya samu abin da yake ci da marmari. Sannan ki ajiye masa takardar ki ce, "Abban yara, ga inda muke, taya ni dubawa." Ki zo masa da mafita, kada ki zo da kuka kaɗai. Ko ya ware kuɗin waken daban, ko ya riƙa sayo shi da kansa in an yi albashi, wanda hakan zai sa ya ga farashin da idonsa, ko ku tsaya a kan sau biyu a mako. In ya ce ba shi da abin ƙarawa, ki yarda da shi, wata ƙila kuɗin magani da na gwaji sun riga sun cinye abin da ba ki sani ba. In kuma ya dage shi dai lallai sai na Larabawa, akwai alƙalin da ba ya son kai. In yana da na'urar gwajin suga, ya gwada awa biyu bayan ya ci na Larabawa, wata ranar ya gwada bayan ya ci na gida daidai wannan ma'aunin, ya rubuta, ya maimaita 'yan lokuta. Maza sun fi saurin yarda da lamba a kan maganar matansu, haka Allah Ya yi su.

Hajiya kuma, ki tuna ɗanta ne aka ce yana da ciwon da ba a rabuwa da shi. Tsoro take ji, tsofaffinmu kuwa sau da yawa tsoronsu da faɗa yake fitowa. Ƙari a kan haka, ta ga an shigo da wani abu daga waje an ce shi ne lafiya, kamar abincin da ta raine shi da shi ne ya jawo masa ciwon. Ba ke za ki yi mata bayanin abin da likita ya ce ba, ɗanta ne zai zauna da ita ya ce, "Hajiya, ni aka ce in sauya ci, ita umarnin likita take bi." Jimla ɗaya daga bakinsa ta fi bayaninki goma. Shi ne kuma zai roƙe ta, cikin ladabi, cewa in akwai gyara a yi shi a cikin gida ba a gaban baƙi ba. In ta sake yi kafin nan, kada ki tanka a wurin, ki bari sai kun keɓe da shi. Naki aikin shi ne ki je mata da tambaya ta gaskiya: yaya ake dafa gurjiya ta yi laushi ba ta farfashe ba, yaya ake tubani, wane ganye suke sa wa miyar wake a garinsu? Ba daɗin baki nake koya miki ba, ta fi ki sanin waɗannan abubuwa, kuma su ne ainihin abin da ɗanta ke bukata. Ranar da aka ajiye masa kwano aka ce wannan da hannun Hajiya aka yi, da wuya ya ture, ita ma da wuya ta kira shi gayu. Ƙanwarsa da ta kawo tsarabar ma ki jawo ta, ita za ta iya gaya wa mahaifiyarta abin da ke ba za ki iya ba. Mai yiwuwa duk da haka Hajiya ba za ta sauko nan take ba. In ta ga ƙwai da kifi sun dawo kwanon jikokinta, rabin ƙorafin zai mutu da kansa, sauran rabin ki bar wa lokaci.

Wake ya fi araha da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba. In da hali ku haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku ku sayi buhu a kasuwar Kawo ranar Talata ko a Bakin Dogo, ku raba da mudu. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki cika jarka mai tsabta har baki ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ko ki nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ƙwari ba sa rayuwa inda babu iska. Fiya-fiya kada ta kusanci abincinki. Saboda ragowar irin wannan maganin ƙwarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. In za ki saya ki ɗebo ki sunsuna, wanda ke warin magani ki bar musu abinsu.

In cikinsa ya ɗan kumbura a makon farko, ki rage yawan ki riƙa ƙarawa a hankali, ya kuma yawaita shan ruwa, ciki na sabawa. Maganinsa kuwa kada ya rage ko ya bari don ya ga lamba ta yi kyau. Wanda ke allurar insulin ko wasu ƙwayoyin, in ya rage sitaci sosai sugansa na iya faɗuwa ƙasa, alamarsa rawar jiki da gumi da jiri, don haka likita ya san an sauya abinci. Ranar da zai koma asibiti ki bi shi, ku tafi da takardar gwaje-gwajen nan, ku tambaya ko suna da masanin abinci da zai auna masa rabonsa. Ku kuma nemi a duba ƙodarsa in ba a duba ba, domin suga da hawan jini duk suna taɓa ta, wanda ƙodarsa ta fara rauni kuwa akan iyakance masa wake kowane iri ne, na gida da na Larabawa.